Gadar Motar Layin Kasuwa

Ko da Sufeto ta iso matsayar bas ɗin, motar asibiti ta riga ta tafi da mutumin. Abin da ta tarar shi ne keken guragu kwance a gefe ɗaya, da jaka a fashe, zare kala-kala ya watse a kwalta. A bakin dakalin titi akwai jini, wani ya rufe shi da kwali.

Bas ɗin na tsaye, ƙofofi a buɗe. Daga ƙarƙashin ƙofar tsakiya wani faifan ƙarfe ya fito, wanda ake shimfiɗa wa masu keke su hau. Direbobi gada suke ce masa. Gefen dama yana riƙe. Na hagu ya saki, ya daki ƙasa.

"Wa ya ga abin da ya faru?" in ji Sufeto.

Kowa ya gani. Kofur, wani dattijon ɗan sanda da suka daɗe suna aiki tare, ya ɗaga hannu ya tsayar da hayaniyar, ya nuna wata mata mai kwandon cefane.

"Tela ne, ranki ya daɗe," in ji matar. "Kullum a nan yake hawa, ya tafi shagonsa a kasuwa. Ya kai tsakiyar gadar, sai muka ji ƙas, ta juye da shi. Da ƙeya ya sauka."

"Ina direban?"

Aka nuna mata wani dogon mutum zaune a matakalar gaba, kansa a tsakanin gwiwoyinsa.

"Shi ne!" in ji wani daga baya. "Dogo ke nan. Ba a daɗe ba ya tsaya a gaban mutane ya ce masu keke su nemi motarsu daban."

"Ba ma shi ne direbanmu ba," in ji mai kwandon. "Da Baba Sannu ne, wallahi da haka ba ta faru ba."

Sufeto ta san Baba Sannu. Duk mai katin hawa bas na wata-wata a garin ya san shi. Ba ya barin fasinja ya hau ko ya sauka bai ce masa sannu ba, har sunan ya bi shi. Shekarun baya, tana da tsohon ciki, ya taɓa hango ta a madubi tana jan ƙafa daga ƙarshen layi, ya tsaya ya jira ta, mota cike ana ta yi masa tsaki.

Ta durƙusa a gaban gadar. Ƙusa biyu ne ke riƙe da ita a jikin mota, kowace kaurin babban yatsa. Ta dama tana nan, da ɗan makullinta na waya. A hagu rami ne kawai. Ta zura yatsa a gefen ta dama, ya fito baƙi ƙirin da giris. Ta zura wani a ramin hagu, ya fito a bushe, da ɗan fari-fari kamar busasshen sabulu.

"Kofur, duba min titi da kwata. In karyewa ta yi, guntunta bai yi nisa ba."

Kofur ya bi titin har da leƙa ƙarƙashin motocin da ke fake. Babu ko ɓurɓushi.

Suna cikin haka wayarta ta yi ƙara. Ta saurara, ta kashe, ta miƙe tsaye.

"Ya cika," ta ce wa Kofur a hankali. "A hanya."

Suka shigar da Dogo motarsu kafin labarin ya kai kunnen taron.

A ofis Dogo bai jira tambaya ba.

"Na faɗa, ranki ya daɗe, ban musa ba. Na ce su nemi motarsu. Ke ba ki san abin da muke gani ba. Wannan yana laluben canji, wancan katinsa ya ƙi karantuwa, wata tana rantsuwa ta biya kuɗin wata alhali katin na ƙanwarta ne. Sannan ga keke. Ka fito da gada, ka jira ya hau, ka tashi ka ɗaure shi da bel, ka mayar da gada. Duk wannan na'urar da ke kan motar tana gaya wa ofis ka yi latti. Ita ba ta san keke ba."

"Shi ya sa ka zare ƙusar?"

"Wace ƙusa?"

Ta kalle shi. Idanunsa jajur, amma tambayar ta fito masa ne a miƙe, irin ta wanda bai san inda aka dosa ba.

"Yaushe ka san kai za ka ja motar kasuwa yau?"

"Da safen nan, a bakin get. Manaja ya ce mu yi musanya da Baba. Ni layin makarantu nake."

"Jiya da yamma kana ina?"

"A layina. Ni ne na ƙarshen shigowa gareji. Ki tambayi kowa."

"Ƙa'ida ta ce direba ya gwada gada kafin ya fita?"

Nan Dogo ya sunkuyar da kai.

"Ta ce."

"Yaya ake gwadawa?"

"Ka fito da ita, ka hau ka tsaya a kai."

"Ka yi?"

"Na danna maɓalli ta fito, na mayar. Ban sauka na hau ba." Muryarsa ta karye. "Musanyar ta cinye min lokaci. Na ce ai motar Baba ce, ba a taɓa samunta da matsala ba."

Aka ajiye shi a bayan kanta. Kafin Sufeto ta fita, shugabanta ya tare ta a baranda ya ce gari ya ɗauki zafi, mutumin ya yi furuci a gaban shaidu, a shirya kai shi kotu. Ta roƙi ya ba ta zuwa yamma.

Garejin kamfanin fili ne babba, da rumfar gyara a gefe ɗaya, wurin wankin mota a ɗaya gefen. An riga an jawo motar kasuwa an ajiye ta a ƙarƙashin rumfa. Sufeto ta sa Kofur ya bincike cikinta, ita kuma ta fara da Bakanike, wani kakkauran mutum da ke ta goge hannu da tsumma ko da hannun ya riga ya bushe.

"Kai ka duba gadar nan na ƙarshe?"

"Ni ne. Farkon watan nan. Na ciro ƙusoshin, na sa musu giris, na mayar."

"Ka tabbata ka mayar da duka biyun?"

"Ranki ya daɗe, tun daga ranar marigayin yake hawa da sauka a kanta safe da yamma. Da na manta ɗaya, a ranar farko za ta kayar da shi."

"Za ta iya zamewa da kanta?"

"Da makullinta a jiki? Sai an sa filaya an miƙar da wayar."

"A ce kai ne kake so gadar ta daina aiki. Yaya za ka yi?"

Bakanike ya ja da baya.

"Tambaya ce kawai," ta ce.

"To, fis ɗin wutarta zan zare. Ko in cire waya ɗaya a bayan maɓalli. Ta mutu ke nan, ba ta ko motsi, kuma ba ta cutar da kowa."

"In aka zare ƙusa ɗaya fa?"

"Za ta fito lafiya lau, ta shimfiɗu kamar ba komai. Sai an ɗora mata nauyi."

"Direbobi sun san haka?"

"Direba maɓalli ya sani. Da yawansu gani suke ƙusar ce ke turo ta waje. Ni ma kafin in buɗe cikinta haka nake zato."

Mai wankin mota ba ta da dogon bayani. Kowace mota ta shigo da yamma, kai tsaye wurinta ake kawo ta, ta bi ta da ruwan sabulu mai ƙarfi har ƙarƙashi. Da safe ba a wanki.

"Ruwan zai iya wanke giris a cikin rami?"

"In ramin a buɗe yake, tas. In da ƙusa a ciki, ba ya shiga."

"Motar kasuwa ta zo miki kai tsaye jiya?"

Matar ta yi ɗan tunani. "Baba ya ɗan tsaya da ita a bayan rumfa. Amma haka yake yi kullum. Shi ke share kujerunsa da kansa, ya tsince abin da mutane suka manta."

Maigadi ya rantse da abin da zai kashe shi babu baƙon da ya shigo. Ya ce ɓarayin ƙarfe sun taɓa damunsu, amma su batir suke ɗauka, wa zai tsallako katanga don ƙusa ɗaya?

Manaja ya karɓe ta a ofishinsa, inda wani babban allo ke nuna motocin gari suna tafiya kamar tururuwa, wasu kore, wasu ja.

"Jan shi ne latti," ya ce. "Ba ni na kawo tsarin ba. Hukumar gari ce ta ce in motocinmu ba sa cika lokaci, za a rage mana tallafi, kuɗin mota ya tashi. To, direba ya yi latti ya yi yawa, gargaɗi. Ya ƙara, gargaɗi. Daga na ƙarshe sai sallama."

"Wanda aka sallama yana samun haƙƙinsa na ritaya?"

"Ba cikakke ba."

"Me ya sa ka yi musanyar direbobi yau?"

Manaja ya cire tabarau ya murza ido.

"Don in ceci Baba. Yana kan gargaɗin ƙarshe, ga ritayarsa ta kusa. Layin kasuwa ya fi kowane cinkoso, ga marigayin safe da yamma, shi kuma Baba ba ya iya hanzarta mutum. Na kwana da abin a raina, da safe na ce bari in mai da shi layin makarantu ya ƙarasa kwanakinsa lafiya."

"Ya san za ka yi haka?"

"Ko ni ban sani ba sai da gari ya waye."

"In gada ta lalace, mai keke yaya yake yi?"

"Masu shuɗin kati, wato katin naƙasassu, suna da haƙƙi. Direba ya kira ofis, mu tura ƙaramar mota ta ɗauke shi daga matsaya har inda za shi. Haka za a yi ta yi har a gyara. In kayan gyara za a jira, yakan ɗauki makonni."

Kofur ya leƙo ya yafito ta. A cikin motar, ƙarƙashin kujerar direba, akwai akwatin da ake ajiye kayan agajin gaggawa. Can ƙasansa Kofur ya sami wani ƙunshi. Ƙyalle ne mai ruwan toka, an kalmashe bakinsa da ɗinki mai kyau. A ciki ga ƙusar, lafiyarta ƙalau, da girisinta. An ɗaura mata ɗan makullinta da zare don kada ya ɓace.

"Ɓarawon kirki," in ji Kofur. "Ya sata, ya naɗe, ya ajiye wa mai shi."

Sufeto ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon ƙunshin.

Gidan Tela ɗaki biyu ne a ƙasan wani bene, an zuba siminti a ƙofar an yi gangara don keke. Maƙwabta sun cika falon. Matarsa, wata siririyar dattijuwa, ta ja Sufeto zuwa ɗakin ciki, inda keken ɗinki na hannu ke kan wani gajeren tebur.

"Allah ya jiƙansa, Inna. Allah ya ba ku haƙuri."

"Amin, 'yar nan. Zauna."

Sufeto ta buɗe jaka ta nuna mata ƙyallen, ba tare da ƙusar ba. Matar ta shafa bakin ɗinkin da yatsa.

"Hannun Malam ne. Ƙyallen da ya rage ba ya zubarwa. Sai ya kalmashe ya yi hankici, ya raba wa direbobi, da masu shara, da matar da ke sabunta kati a ofis."

"Duk direbobin?"

"Duk wanda ya miƙo hannu."

Sufeto ta mayar da shi jaka. Ƙyallen bai nuna kowa ba.

"Yana da abokin faɗa? A kasuwa, ko a unguwa?"

"Malam? Faɗansa ɗaya ne, da masu cewa a ɗinka musu kaya yau su sa yau." Ta yi ɗan murmushi, hawaye suka biyo baya. "Tun da ya yi haɗarin da ya kwantar da ƙafafunsa, 'ya'yanmu suke cewa ya zauna a gida su ɗauki nauyinsa. Ya ce shi ƙafa ya rasa, ba hannu ba. Motar nan ita ta mayar da shi mutum. Ranar da aka ba shi shuɗin katin nan, sai da ya ɗinka masa jaka."

"Yaya ya fita yau? Ya ce wani abu?"

"Da wasa ya fita. Ya ce in goge masa farar rigarsa, yau a ƙaramar mota zai tafi kamar wani manaja, ni kuwa in tsaya a ƙofa in ɗaga masa hannu."

Sufeto ta ɗago kai.

"Wa ya ce masa a ƙaramar mota zai tafi?"

"Baba Sannu. Jiya da yake sauke shi. Wai ya ce masa, gobe hutu za ka sha, motarka kai kaɗai za a turo maka. Ni na ɗauka irin barkwancinsu ne, kullum suna tsokanar juna. Bawan Allah, ɗazu ya zo a lokacin hutunsa. Ko zama ya kasa yi. A bakin ƙofa ya tsaya yana kuka kamar shi aka yi wa mutuwar."

Sufeto ta yi sallama ta fito. A waje ta buga wa Manaja waya, sannan ta gaya wa Kofur inda zai same ta.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta tari motar layin makarantu. Ta ɗora katinta a na'ura, ta yi ƙara.

"Sannu, 'yata," in ji Baba Sannu.

"Sannu, Baba."

Ta wuce baya ta zauna. Tana kallonsa a madubi. Gajeren tsoho ne mai furfura, rigar aikinsa a goge. A kowace matsaya yana cewa sannu, amma yau idonsa ba ya bin fuskar mutane. Sau da yawa suka haɗa ido a madubin, shi yake fara kawar da kai.

A matsaya ta ƙarshe, bayan wata makaranta, kowa ya sauka. Ya kashe injin. Sufeto ta taso ta zauna a kujerar da ke kusa da shi, ta buɗe ƙunshin ta ajiye a cinyarta.

Ya kalle shi. Bai tambayi ko mene ne ba.

"Baba, zan faɗi abin da na gani. In na yi kuskure ka gyara min."

Ya gyaɗa kai.

"Ƙusar nan ba karyewa ta yi ba, zare ta aka yi. Jiya da yamma Tela ya sauka a kan gadar lafiya, ke nan tana ciki a lokacin. Ramin kuma na same shi a wanke da sabulu, ke nan an zare ta kafin a yi wankin yamma. A tsakanin nan Dogo yana kan wannan layin, bai ma san zai taɓa motarka ba. Bakanike da shi ne, fis zai cire, domin ya san ƙusa ɗaya ba ta hana gada fitowa. Ɓarawo da ya tafi da ita. Mai nufin kisa da ya jefa ta a kwata. Wanda ya yi wannan ya naɗe ta, ya ɗaure mata makulli, ya ajiye a ƙarƙashin kujerarsa, don yana da niyyar mayar da ita. Kuma yana zaton shi zai zauna a kujerar da safe."

Baba Sannu ya ɗora hannuwansa biyu a sitiyari.

"Duk wannan bai isa in kama kowa ba," ta ci gaba. "Da na so, da na ce ban gane ba. Amma ƙaramar mota ba ta zuwa sai gada ta lalace. Jiya gadar lafiyarta ƙalau, ka ce masa gobe za a turo masa mota. Mutum ɗaya ne a garin nan ya san za ta lalace."

 Can wata mota ta wuce ta yi musu hon, bai amsa ba.

"Ya gaya wa iyalinsa ke nan," ya ce a ƙarshe.

"Farar riga ya sa."

Tsohon ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe, muryarsa ta dushe.

"Na ɗauka ba za ta fito ba, 'yata. Wallahi tallahi na ɗauka ƙusar ce ke turo ta. Na ce da safe zan danna, ta ƙi, in kira ofis, a zo a ɗauke shi cikin daraja har ƙofar shagonsa. Shi ya huta, ni in huta da jan nan na allo. In Bakanike ya gano, in ce faɗuwa ta yi na tsinta. Ɗan lokaci kaɗan ya rage min. Shekara da shekaru ina jan mutanen garin nan ban taɓa buge ko akuya ba, sai a sallame ni a bakin ƙofa saboda na tsaya ɗaure mutum da bel?"

"Da aka yi musanya fa? Ga oba-oba, rediyon kiran ofis, a gabanka."

"Na ɗauke ta. Na riƙe ta a hannu. Amma duk abin da ka faɗa a cikinta, kowane direba yana ji, ofis ma yana ji. In ce me? Sai na ce wa kaina ai duk ɗaya ne. Dogo zai danna, ta ƙi, ya kira ofis. Na ajiye."

"Sannan ka ji labari."

"A cikinta na ji."

"Ka ji an kama Dogo."

"Na ji."

"Tun safe yake bayan kanta, Baba. Gobe kotu za a kai shi. Mutane suna cewa da an bar musu shi. Zare ƙusar ban san yadda alƙali zai auna shi ba, ba ka yi da nufin kisa ba. Amma barin Dogo a kulle, da idonka biyu ka yi shi."



"Ni na koya masa tuƙin babbar mota," ya ce. "Duk matsayar da na tsaya yau sai na ce daga nan zan wuce ofishinku. Sai in ga wata matsayar a gaba."

Ya dubi waje. Mutane sun fara taruwa a ɗaya gefen titin, masu jiran komawa cikin gari.

"Ki bar ni in mai da su. Kada su tsaya a banza."

"An turo wani direba. Ga su can da Kofur."

Ya zare makullin, ya goge shi a rigarsa, ya miƙa mata.

Da aka fito da Dogo, aka gaya masa, bai yi murna ba. Ya tsaya a gaban kanta yana ɗaura agogonsa.

"Baba?" ya ce. "Baba fa?"

"Kai ma ba ka fita ba tukuna," in ji Sufeto. "Za a kira ka kan gwajin da ba ka yi ba."

"Ko ba a kira ni ba, zan zo," ya ce, ya fita bai waiwayo ba.

Washegari da hantsi Sufeto ta koma gidan Tela. Ba ta so matar ta ji a bakin maƙwabta. Suka shiga ɗakin ciki, ta gaya mata komai, tun daga allon Manaja har zuwa matsayar ƙarshe. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Matar ta saurara har ƙarshe, hannuwanta a cinya. Ba ta yi kuka ba.

"Latti," ta ce. "Saboda latti."

"Eh, Inna."

"To me ya hana shi buɗe baki? Safe da yamma suna tare. Ya san sunayen jikokinmu. Da ya ce, Malam, ana ƙirga min lokaci saboda kai, ai da magana ta ƙare. Shagonsa ne, 'yar nan. Babu mai jiransa a bakin ƙofa da agogo. Da ya bari sai cinkoso ya wuce, ko ya bi wata motar, ko ya zauna a gida ya yi ɗinkinsa a nan har mutumin ya yi ritaya. Da dariya zai yi masa wannan."

 Sufeto ta bari har matar ta numfasa.

"Baba ya ba ni saƙo," ta ce. "Ya ce in roƙe ki, in an yarda, a kawo shi ya durƙusa a gabanki."

Matar ta dubi ƙofa, inda ake jin muryoyin masu zuwa gaisuwa. Ta gyara mayafinta, ta dafa tebur ta miƙe.

"Ki ce masa na ji," ta ce. "Amma ba yanzu ba."